A Haɗa Kuɗin Tallafin Unguwanni Wuri Guda, Jama'a Su Zaɓi Inda Za a Kashe Su: Shin Ƙananan Ƙungiyoyi Za Su Tsira?

Tambayar ta fito ne daga wata baiwar Allah mazauniyar Sikotland, wadda take sakatariyar wata ƙaramar ƙungiya mai koyar da yara karatu a ƙarshen mako. Ta ce majalisar ƙaramar hukumarsu ta kawo shawarar a tattara kuɗaɗen tallafin da aka saba raba wa ƙungiyoyin unguwanni ta hannun kansiloli da kwamitoci daban-daban, a zuba su a asusu ɗaya, sannan mazauna yankin su kaɗa ƙuri'a a kan ayyukan da za a ba kuɗin. Tana so ta san ko ya dace ta goyi bayan shawarar, domin tana fargabar manyan ƙungiyoyi masu tarin magoya baya za su kwashe komai su bar irin tasu hannu rabbana.

Malama, shawarata ita ce ki goyi bayan wannan tsari, amma kada ki bari a kai ranar zaɓe ba ki sa baki a kan ƙa'idojinsa ba. Fargabar da kike yi tana da tushe, kuma an ga abin da kike tsoro ya faru a garuruwa da yawa. Sai dai a kusan duk inda ya faru, ba ƙuri'ar jama'a ce ta jawo shi ba, ƙa'idojin da aka shimfiɗa tun kafin a buga takardar ƙuri'a ne suka jawo shi: yadda aka kasa kuɗin, wanda aka yarda ya yi zaɓe, da yadda ake ƙirga ƙuri'un. Waɗannan abubuwa uku ana yanke su ne a ofis watanni kafin zaɓe, a lokacin da yawancin mutane ba su ma san ana tattaunawa ba.

Bari mu fara da tsarin da ake son a sauya, domin mutane kan manta da aibinsa da zarar an zo da sabo. Idan kuɗin tallafi ya kasance a warwatse, kowane kansila yana riƙe da ɗan abin da zai rabar, ga kuma wani kwamiti na matasa da wani na muhalli kowanne da nasa fom da nasa wa'adi, waɗanda suke cin moriya su ne ƙungiyoyin da suka san ƙofofin duka, suke kuma da wanda ya iya cika fom da irin harshen da jami'ai suke son gani. Ba sai an yi maganar son kai ba, ko kansila mai gaskiya da riƙon amana ba ya sanin kowa, yana sanin waɗanda suke zuwa wurinsa ne. Shi ya sa idan aka duba jerin waɗanda suka karɓi tallafi shekara da shekaru, sau da yawa sunaye ɗaya ake gani suna maimaituwa. Ban da wannan, kuɗin da aka yayyanka ƙanana ba ya iya ɗaukar aiki mai nauyi, kuma kowane ƙaramin asusu yana cin lokacin ma'aikata wajen tantancewa da bin rasit. Haɗa su wuri guda yana kawo fom ɗaya, wa'adi ɗaya, da jerin sunaye ɗaya da kowa zai iya karantawa, wannan kuwa riba ce ga ƙungiya irin taku tun kafin a zo batun ƙuri'a.

Asalin tsarin barin jama'a su zaɓi inda za a kashe kuɗi birnin Porto Alegre ne a kudancin Brazil, inda aka fara shi a 1989 a zamanin magajin gari Olívio Dutra na Jam'iyyar Ma'aikata. An raba birnin gida 16, mazauna kowane yanki suna taruwa su faɗi abin da ya fi damunsu, ko ruwa ne ko magudanai ko kwalta ko gidaje, su kuma zaɓi wakilan da za su bi maganar har ta shiga kasafin kuɗi. A 1990 waɗanda suka halarci tarukan ba su kai 1,000 ba, amma kafin ƙarshen shekarun 1990 sun haura 10,000 a shekara, saboda mutane sun ga titin da suka nema an shimfiɗa shi. Alƙaluman da Bankin Duniya ya wallafa sun nuna gidajen da ke da ruwan famfo da magudanar ƙazanta sun tashi daga kashi 75 cikin 100 a 1988 zuwa kashi 98 a 1997, kuma taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan matsugunai da aka yi a Istanbul a 1996 ya sanya tsarin cikin kyawawan misalai na tafiyar da birane. Abin da masu kwaikwayo suka fi mantawa da shi, shi ne Porto Alegre ba ta raba kuɗi bisa yawan hannayen da aka ɗaga kawai ba. Akwai ma'aunin da aka amince da shi tun farko, wanda yake duba yawan mutanen yanki, da girman rashin da yankin ke fama da shi, da kuma abin da mutanen suka sa a gaba. Unguwar da ba ta da magudanai tana samun maki fiye da wadda take da su, ko da mutanenta ba su cika zauren taro kamar na waccan ba. Wannan ma'auni shi ne ya karkatar da kuɗi zuwa unguwannin talakawa, kuma duk garin da ya ɗauki zaɓen ya bar ma'aunin, rabin tsarin ya ɗauka.

A inda kike zaune abin ba baƙo ba ne. A 2017 gwamnatin Sikotland da ƙungiyar ƙananan hukumomi ta COSLA suka yi yarjejeniyar cewa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kasafin ƙananan hukumomi 32 na ƙasar za a riƙa yanke shi ta hanyar sa jama'a a ciki, don haka ba mamaki shawarar majalisarku tana da nasaba da wannan alƙawari. Tun kafin nan, unguwar Leith a birnin Edinbura ta fara nata a 2010 da ainihin irin kuɗin da kike magana a kai, wato tallafin ƙungiyoyin unguwa, da sunan Leith Decides, wanda daga baya ya koma Leith Chooses. Ranar zaɓe a can ta fi kama da ranar baje koli. Kowace ƙungiya tana kafa teburinta a zauren taro, da hotunan aikinta da takardar da ke nuna abin da take nema da abin da za ta yi da shi, mutane suna zagayawa teburi bayan teburi suna tambaya kafin su je su cika takardar ƙuri'a. Duk wanda ya kai shekara 8, yana zaune ko aiki ko karatu ko aikin sa kai a unguwar, yana da ƙuri'a. Ki dubi abin da wannan ke nufi ga ƙungiyarku: yaran da kuke koyarwa masu zaɓe ne, iyayensu ma haka, kuma dattijuwar da ba ta taɓa jin sunanku ba za ta tsaya gaban teburinku ta ga littattafan yaran da idonta. Ƙungiyoyi da dama da ba su ci zaɓe ba sukan tashi daga irin wannan taro da sababbin masu taimako, ko kuma da wata ƙungiya da ta yi musu tayin ɗakin taro kyauta. A tsohon tsari, idan kwamiti ya ƙi fom ɗinku, wasiƙa ce kawai za ta zo, babu wanda ya san kun nema.

Yanzu ga haɗarin, kuma gara a nuna shi da lissafi. A ɗauka kansiloli 10 ne, kowanne da fam 5,000, aka haɗa ya zama fam 50,000, masu zaɓe kuma 1,000 suka fito. A ɗauka akwai wata babbar ƙungiyar ƙwallon ƙafa da wata makaranta da suka haɗa kai, suna da mutum 400 da za su zaɓi ayyuka biyar iri ɗaya, kowane aiki na fam 10,000, sauran mutum 600 kuwa ƙuri'unsu sun rarrabu a kan ƙananan ayyuka 20. Idan ƙa'idar ita ce a jera ayyuka daga mai yawan ƙuri'a zuwa ƙasa a yi ta biya har kuɗin ya ƙare, waɗancan ayyuka biyar za su cinye asusun kakaf, mutum 400 sun tafi da komai, mutum 600 sun tashi a tutar babu. Babu wanda ya yi maguɗi, kowa ya bi doka, amma sakamakon ya zama kamar adashin da kowa ke zubi mutum ɗaya ke kwasa kowane wata. Abin da ya fi muni shi ne, unguwar da a da take da tabbacin fam 5,000 ta hannun kansilanta yanzu tana iya rasa ko sisi, kuma galibi unguwar marasa galihu ce, domin a nan ne mutane suka fi yin aikin dare, suka fi rashin abin hawa, suka fi jin cewa harkar hukuma ba tasu ba ce. Idan haka ta faru sau biyu a jere, mutanen unguwar za su daina fitowa gaba ɗaya, shekara ta uku kuma a ce ai su ne ba su damu ba.

Maganin farko shi ne kada a bar asusun a dunƙule. Birnin Dundee, a zaɓensa na 2018, ya ware fam miliyan 1.2 amma ya kasa shi ga mazaɓu 8, kowacce fam 150,000, ta yadda ayyukan kowace mazaɓa suka yi takara a tsakaninsu, mutum fiye da 11,000 kuma suka kaɗa ƙuri'a. Paris, wadda ta fara nata a 2014 a ƙarƙashin magajiyar gari Anne Hidalgo da kashi 5 cikin 100 na kuɗin manyan ayyuka, ta lura unguwannin masu hali sun fi fitowa, sai daga 2016 ta keɓe yuro miliyan 30 a shekara domin unguwannin masu ƙaramin ƙarfi kaɗai. Ga asusu ƙarami irin naku, abin da ya fi sauƙi shi ne a raba shi gida biyu bisa girman buƙata, masu neman ɗan abin da bai wuce fam 1,000 ko 2,000 ba su yi takara da junansu, masu neman manyan kuɗi su ma da junansu, sannan a sa iyakar abin da ƙungiya ɗaya za ta iya samu a shekara. A ganina ya kamata kuma a ƙara da cewa ƙungiyar da ta ci babban rabo bana ta huta baɗi, ko da yake manyan ƙungiyoyi za su ja da wannan sosai.

Magani na biyu yana jikin takardar ƙuri'ar ce. Idan aka ba mutum ƙuri'a ɗaya tak, kowa ƙungiyarsa zai zaɓa ya tafi, zaɓen ya zama ƙidayar mambobi. Idan kuwa aka wajabta wa kowa ya zaɓi ayyuka uku ko huɗu, in ba haka ba takardarsa ta lalace, to mai goyon bayan ƙungiyar ƙwallo zai ba su ɗaya, sauran kuma dole ya duba ya ga wa ya cancanta, kuma a nan ne ƙananan ayyuka masu taɓa zuciya suke samun shiga. Leith ta ƙara wani abu a kan wannan: bayan da aka lura ƙungiyoyin tsirarun ƙabilu ba sa cin zaɓe, sai aka kawo ƙarin ƙuri'a ta musamman wadda mai zaɓe zai iya ba aikin da ke amfanar waɗannan al'ummomi. Akwai kuma wata hanyar ƙirga da masana lissafi suka fito da ita, wadda garin Wieliczka a Poland da garin Aarau a Suwizalan suka yi amfani da ita a 2023. A wannan hanya ana ɗauka kamar an raba asusun daidai wa daida ga masu zaɓe, kuma ba a biyan aiki sai daga rabon waɗanda suka zaɓe shi. A misalinmu na ɗazu, kowane mai zaɓe yana da fam 50, mutum 400 ɗin nan ba za su iya jan fiye da fam 20,000 ba komai haɗin kansu, ƙungiyar da take neman fam 1,500 kuwa mutum 30 sun ishe ta matuƙar rabonsu bai riga ya tafi a kan wani aikin ba. Ita ce hanyar da na fi gamsuwa da adalcinta, illarta kawai ita ce tana buƙatar kwamfuta wajen ƙirga, kuma sai an yi haƙurin bayyana wa mutane yadda take aiki, domin sakamakon da jama'a ba su fahimci yadda aka same shi ba yana jawo zargi ko da babu laifi.

Batun wanda zai yi zaɓe ba ya buƙatar dogon bayani, amma kada ki raina shi. Kada a ɗaure shi da rajistar masu zaɓen siyasa, domin hakan zai fitar da yara da baƙi da masu neman mafaka, alhali su ma suna amfani da filin wasa da ɗakin karatu. New York, wadda kansiloli huɗu suka fara tsarin a cikinta a 2011, tana barin ɗan shekara 11 ya yi zaɓe ba tare da an tambayi takardun zamansa a ƙasa ba. Zaɓe ta intanet yana ƙara yawan masu fitowa, amma idan shi kaɗai ne, masu manyan zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook ne za su ci, tsofaffi kuma a bar su a baya. A haɗa da takarda, a kai akwati makarantu da ɗakunan karatu da ƙofar masallaci da coci, a bar shi kwanaki, a kuma fassara bayanin ayyukan zuwa harsunan da ake ji a unguwar.

Akwai abubuwan da bai kamata a kai su gaban ƙuri'a ba ko kaɗan, kuma wannan yana damuna fiye da batun manyan ƙungiyoyi. Aikin taimakon masu fama da shaye-shaye, ko waɗanda suka fito daga gidan yari, ko matan da suka gudo daga dukan miji, ba ya da farin jini, kuma mutanen da yake yi wa hidima ba za su iya tsayawa gaban teburi suna neman ƙuri'a ba. Idan aka jera shi da gyaran filin wasan yara, kowa ya san wanda zai ci. Dole ne majalisa ta riƙe wani kaso a gefe domin irin waɗannan ayyuka da kuma buƙatun gaggawa da kan taso a tsakiyar shekara, kamar rufin zauren unguwa da iska ta yaye. Haka nan duk hidimar da doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma ba abin takara ba ce, haƙƙi ce.

Sannan ki buɗe ido a kan jimillar kuɗin. Ƙananan hukumomi a Birtaniya sun shafe shekaru suna fama da tsuke bakin aljihu, kuma haɗa asusu hanya ce mai sauƙi ta rage kuɗi ba tare da an lura ba: asusu biyar da jimillarsu ta kai wani adadi su koma asusu ɗaya da bai kai haka ba, a rufe giɓin da bikin ranar zaɓe. Ki tambaya kuma daga ina za a biya kuɗin hayar zaure da buga takardu da ma'aikacin da zai taimaki ƙungiyoyi cika fom, domin idan daga cikin asusun ne, abin da zai iso ga jama'a ya ragu ke nan. Ya zama an tantance kowane aiki kafin ya hau takardar ƙuri'a, a tabbatar kuɗin da aka rubuta zai isa kuma doka ta yarda da shi, saboda babu abin da ke kashe wannan tsari kamar mutane su zaɓi abu a dawo a ce ba zai yiwu ba. Porto Alegre da kanta ta faɗa wannan rami: ayyukan da jama'a suka amince da su suka yi ta taruwa ba a aiwatar ba, kuɗin da ake warewa ya yi ta raguwa bayan sauyin gwamnati, har aka dakatar da tarukan a 2017.

Wanda ya san Najeriya zai ga dangantakar wannan magana da kuɗin ayyukan mazaɓu, naira biliyan 100 da aka daɗe ana warewa duk shekara domin ayyukan da 'yan majalisar tarayya suke zaɓa, waɗanda hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta fara bin diddiginsu a 2019. Jihar Kaduna tana da tsarin da al'ummomi ke rubuta buƙatunsu bisa fifiko domin a sa su a kasafi, ko da yake rubuta buƙata daban ne da riƙe ikon yanke hukunci a kan wani adadi sananne. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, tambayar wa zai faɗi inda za a kashe su ta ƙara nauyi, kuma matsalolin da na lissafa a sama, na gari mai yawan jama'a ya danne ƙauyen da ke gefe, su ne za su fara tasowa duk ranar da aka gwada.

Abin da nake ba ki shawara ki yi tun yanzu shi ne ki rubuta wa majalisar ki nemi jimillar kowane asusu da za a haɗa, da sunayen ƙungiyoyin da suka karɓa da adadin da kowacce ta samu a shekaru uku da suka wuce. Dokar 'yancin samun bayanai ta Sikotland ta 2002 ta ba ki wannan dama, kuma an ɗiba musu kwanakin aiki 20 su ba da amsa. Da wannan takarda a hannu za ki san ko an rage kuɗin, za ki kuma san ƙananan ƙungiyoyin da suke cikin hali irin naku. Ki neme su ku zauna, ku je taron jin ra'ayin jama'a da murya ɗaya, ku nemi a raba asusun bisa unguwa da girman buƙata, a wajabta zaɓen ayyuka fiye da ɗaya, a kuma ba ƙananan ƙungiyoyi kujera a kwamitin da zai rubuta ƙa'idojin. Ku nemi a rubuta cewa shekarar farko ta gwaji ce, bayanta a wallafa yawan waɗanda suka yi zaɓe daga kowace unguwa da inda kuɗin ya tafi, a gyara ƙa'idojin kafin zagaye na biyu. Allah Ya taimaka, Ya sa albarka a hidimar da kuke yi wa yaran.